Ana ta zancen Yankari, an manta da hanyar Dindima zuwa Mainamaji

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wata 'yar gajeriyar hanya a nan jiharmu ta Bauchi, wadda kullum sai a tsallake ta in ana labarin Yankari. Duk sanda aka yi rubutu sai a cika shafi da hoton giwa da ruwan Wikki shikenan, kamar daga sama baƙo yake faɗowa cikin dajin. Alhali akwai kwalta da dole sai ka taka ta, kuma akwai mutane a bakinta da ba yawon buɗe ido ne ya kai su wurin ba, nan aka binne cibiyarsu.

Ni tsohon direba ne, na yi shekaru ina jan akori-kura a layin, in ɗauko kayan masarufi daga kasuwar Muda Lawal in sauke a ƙauyuka, in dawo da masara da gyaɗa, wani lokacin har da awaki a sama. Yanzu ido ya yi rauni na ajiye tuƙi, yarona ne ke jan motar, amma hanyar kam ko a mafarki aka tashe ni zan faɗa maka kwanoninta.

Ga wanda bai sani ba, in ka fita daga Bauchi ka kama titin Gombe, bayan tafiyar wajen kilomita 40 za ka iso Dindima inda gada ta ratsa kogin Gongola. Toh nan ne za ka rabu da babban titi na gwamnatin tarayya ka karya dama, shi ya wuce Alkaleri ya nufi Gombe abinsa, kai kuma ka yi kudu. Daga Dindima zuwa Mainamaji inda getin shiga Yankari yake kilomita 29 ne kacal, ta Yashi ake bi. Mai mota lafiyayya in hanya na da kyau bai kamata ya wuce rabin awa ba. Daga geti kuma akwai wata tafiyar ta fiye da kilomita 40 cikin daji kafin ka kai sansanin Wikki, amma wannan ba tamu ba ce ta masu tikiti ce, mu iyakarmu bakin geti.

Abin da yasa na ce a riƙa tunawa da ita, duk wanda ya san tarihin dajin ya san irin sauyin hannun da aka yi a kan ido. A 1956 gwamnatin Arewa ta amince a keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji, lokacin En'e ta Bauchi ce ke da ƙasa, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamba 1962. Da aka yanka jihohi a 1967 muka faɗa Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri. 1976 aka ba mu jihar Bauchi. 1991 zamanin Babangida gwamnatin tarayya ta karɓe dajin ya koma nata, sai 2006 lokacin Obasanjo, Ahmadu Adamu Mu'azu na gwamna, aka dawo wa jiha da kayanta. Ka ga daji ɗaya amma iyayen riƙo nawa ya yi. Ita kuwa hanya tana nan kwance inda take, duk wanda ya zo karɓa ta kanta ya bi, duk wanda ya zo miƙawa ta kanta ya bi, amma ban taɓa jin an ambaci sunanta a jawabi ba sai in ruwa ya ci wani wuri.

Kuma ma ba da kwalta tafiya ta fara a yankin nan ba. A cikin dajin akwai rijiyoyin Dukkey sama da 100 da aka haƙa tun kafin zuwan Bature, ana cewa zango ne na fatake, wasu ma sun ce har da masu cinikin bayi. Akwai kogunan dutse da mutane suka zauna a ciki, akwai kufan maƙera inda ake narka tama. Wato dai ƙafa ta daɗe tana bin wannan ƙasar, kwalta 'yar jiya ce, dabba ma daga baya ta gaje wurin bayan mutane sun watse.

Yanzu ga inda maganata take Malam Edita. Baƙi na da lokacinsu, da rani suke zuwa musamman daga Disamba zuwa wajen Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji ana ganinsu ba wahala, sai kuma hutun sallah da Kirsimeti da 'yan makaranta da ake kawowa a bos. Su zo su yi wanka a Wikki, ruwan nan mai ɗumi da ba ya sauka daga maki 31 dare da rana, gwaggon biri ya fizge musu burodi su yi ta dariya su ɗauki hoto su tafi. Madalla, muna murna da zuwansu, ko ba komai sunan ruwan nan ne ƙungiyar ƙwallonmu Wikki Tourists ta ɗauka. Amma wa ke kan hanyar nan a watan Agusta? Manomi ne da buhun taki a bayan mashin, da mai jego da za a kai asibiti Bauchi, da Bafulatana da ƙwaryar nono, da mu 'yan haya. Su ne kuma mutanen da in giwaye suka fito daga daji cikin dare ɗaya sai su tashi gonar da aka yi wata huɗu ana wahala a kanta, kuma doka ta hana ka taɓa su. Wanda ya haƙura da wannan saboda duniya ta zo ta ga giwa, ai mafi ƙarancin abin da za a yi masa shi ne a bar masa hanyarsa lafiya duk shekara, ba sai an ji babban baƙo zai zo ba a fito da kwalta a bokiti ana faci.

Ba zan manta wata damina ba, na taso da lodin masara bayan la'asar, ruwa ya zaizaye gefen wani kwalbati ban lura ba saboda ciyawa ta rufe, ƙafar baya ta zurma sifirin ya karye. Nan muka kwana ni da yaron mota. Mutanen ƙauyen da ke kusa ne suka kawo mana tuwo da miyar kuka, da asuba suka fito da fartanya da duwatsu muka cike wurin. Wani dattijo a cikinsu ya ce min sun kai kuka sau uku tun farkon damina, kullum sai a ce musu ana zuwa. Wallahi aikin da mutum biyu da buhun siminti kaɗan za su gama a yini ne, amma da yake ba lokacin baƙi ba ne ba wanda ya leƙo. Kuɗin gyaran motar nan sai da na sayar da tunkiyar maiɗakina, har yau in mun yi faɗa sai ta tuna min.

Wani abin kuma, na sha haɗuwa da baƙi a Alkaleri suna tambayar ina hanyar Yankari, sun zarce mahaɗar ba su sani ba, musamman masu isowa da magariba. Mahaɗar da ta kai ga daji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, inda ake da ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya, ya ci a ce makaho ma ya san ya iso. A sa allo babba mai haske da dare, a rubuta da Hausa da Turanci har da nisan kowane gari, in da hali a ƙara da shekarun nan da na lissafa domin yaranmu da yawa sun ɗauka wani gwamna ne ya ƙirƙiro Yankari kwanan nan.

Ina roƙon masu alhakin hanyar su riƙa zagayawa suna duba kwalbatoci da magudanan ruwa tun a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, su ɗauki samarin garuruwan da ke bakinta aikin sharar ciyawa da yashe kwata, sun fi kowa sanin inda ruwa ke ci. Ku ma 'yan jarida, in za ku sake tura wakili Yankari, ku ce masa ya sauka a Dindima ya ci soyayyen kifi, ya hau motar haya irin tamu zuwa Mainamaji, ya tsaya a Yashi ya ji ta bakin mutane kafin ya shiga geti. In yana son ɗan rakiya yarona na tashi daga Bauchi da sassafe, gidan gaba kyauta.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Tsohon direban layin Dindima,
Unguwar Jahun, Bauchi.