Wasiƙa daga Kalifoniya, maganar aikin kicin

Assalamu alaikum Yaya,

Ya gida, ya Umma da jiki, ya Anti da yara? Ni dai alhamdulillah, aiki ya fara zama, ina kicin ɗin wani gidan abinci a nan Sakramento.

Ka ce Auta na tambaya wai in mutum na da izinin aiki shikenan sai ya ɗaura gaba ya shiga kicin. To ka faɗa masa akwai sauran magana. A jihar nan duk wanda zai taɓa abincin mutane, ko girki ko kai wa tebur ko ma wanke kwanuka, dole ya yi katin shaidar tsaftar abinci cikin kwana 30 daga ranar da aka ɗauke shi, kuma fa ranar ɗauka ake ƙirgawa ba ranar da ka ga dama ba. Manajanmu ta rubuta ranar kowa a takarda ta manna jikin ƙofar firij, kullum ka je ɗauko kaya sai ka ga sunanka yana kallonka. Ba laifinta ba ne, in duba-gari ya zo kwafin katin kowa zai iya cewa a nuna masa.

Karatun a intanet ne, ko a waya ma ana yi, sai jarrabawa, tambaya 40 kuma sai ka ci kashi 70 cikin 100. Wallahi Yaya abubuwan da muke ganin ba komai ba ne su ake tambaya, wanke hannu daƙiƙa 20, ɗanyen nama a ƙasa cikin firij kar ruwansa ya ɗiga kan kayan miya, kaza sai ka soka mata ma'aunin zafi ka ga ta kai digiri 165 a ma'aunin Amurka, ba wai ka duba da ido ka ce ta nuna ba. Tsakanin digiri 41 da 135 kuwa nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, abinci ba ya daɗewa a wurin.

Abin da ya yi mini daɗi, tun Janairun 2024 doka ta ce mai gidan abincin ne zai biya kuɗin katin, har lokacin da ka zauna karatun sai a lissafa maka shi cikin awannin aiki. Katin na shekara 3 ne kuma naka ne, ko ka canza wurin aiki kana tafiya da abinka.

Amma kar Auta ya ɗauka ko'ina haka ne, kowace jiha da nata. A jihar Washinton kwana 14 kacal suke bayarwa, a Tekzas katin shekara 2 yake yi, nan Kalifoniya ma irin su San Diyego nasu tsarin daban. Duk inda ya nufa ya fara tambaya tun ranar farko.

Saƙon Umma zan turo ƙarshen wata in sha Allah. A gaida Kawu da su Goggo.

Ƙaninka.