Korona ta tarar da mu da ciwo a jiki

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanan baya a wajen wani zaman makoki a unguwarmu, hira ta gangaro kan mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020, nan take gardama ta kaure. Wani dattijo ya rantse babu wata korona, hawan jini da ciwon suga ne suka kwashe mutane, ai gwamnatin jiha ma haka ta faɗa a lokacin. Wani matashi ya ce korona ce tsagwaronta. Ni dai na yi shiru, domin a wannan watan na binne kawuna, kuma na san kowannensu rabin gaskiya ya riƙe.

Kawu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana da shekara 67. Ya shekara tara da ciwon suga, daga baya hawan jini ya biyo. Magungunansa cikin wata baƙar leda suke a aljihun rigarsa, kuma gaskiya ba kullum yake sha ba. Cewa yake yi, "Sai na ji kaina ya yi nauyi." Da aka sa dokar kulle a tsakiyar Afrilu, kwanaki kaɗan bayan samun mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga watan, kasuwa ta rufe, ciniki ya tsaya, ranar ganin likitansa ta zo ta wuce, ledar nan kuma ta ƙare. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama, shi kuwa ba ya yarda ya sha azumi ko ɗaya.

Da mura ya fara, sai zazzaɓi. Ya ce kunun buɗa-baki ba shi da ɗanɗano, muka ɗauka zazzaɓin ne ya ɓata masa baki. A kwana na shida, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya dafa bango ya tsaya yana haki, ga ƙishirwa da yawan fitsari kamar ba a taɓa ba shi ruwa ba. Muka samu mai adaidaita da ƙyar muka kai shi asibitoci biyu na kuɗi. Tun daga bakin ƙofa ake tambaya, "Yana tari?" Da mun ce e, sai a ce mu yi gaba. Ban riƙe ma'aikatan nan a zuciya ba, na ga tsoro a idonsu, kayan kariya ma ba su da su. Ko suga ba a auna masa ba, balle gwajin korona. Ya cika a gida kafin asuba. Allah ya jiƙansa. A maƙabarta na ga jerin sababbin kaburbura, ƙasarsu ba ta ko bushe ba, masu haƙa suna zaune sun gaji liƙis.

A watan Yunin 2020, ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 aka ƙirga a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce ta yi sanadi ko ta tayar da ciwon da ke jikinsu tun da farko. Yawancinsu sun haura shekara 65. Wato dattijon nan da matashin nan labari ɗaya suke bayarwa ba su sani ba.

Kuma ba a Kano kaɗai aka ga haka ba. Tun a watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da lissafin mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu. A cikin waɗanda ba su da wani ciwo, waɗanda suka mutu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Masu hawan jini, kashi 6. Masu ciwon suga, kashi 7.3. Masu ciwon zuciya kuwa, kashi 10.5. Ƙwayar cuta ɗaya ce, jikin da ta shiga ne ya bambanta.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da ni ta warware mini yadda abin yake, kuma da na san shi tun farko da ban bar ledar Kawu ta ƙare ba. Korona huhu take kamawa, iskar da ke shiga jini ta ragu, sai zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓi. Zuciyar da hawan jini ya shekara goma yana wahalarwa, ina za ta samo wannan ƙarfin? Suga idan ya yi yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, ita kuma cutar tana ƙara hauhawar sugan, kowa na ingiza ɗan'uwansa. Ga kumburin da jiki ke yi yana faɗa da cutar, wanda ke sa jini ya riƙa daskarewa a jijiyoyin da dama sun ƙuntata. Ƙoda ta bi sahu. Shi ya sa ɗan shekara 25 zai yi mura ta kwana uku ya miƙe, mahaifinsa da suke ci a kwano ɗaya ya kwanta bai tashi ba.

Na san za a ce kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka, babu mai wuce ajalinsa. Amma addinin da ya koya mana wannan shi ne ya ce mu nemi magani, kuma mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona tun Mayun 2023, kowa ya koma harkarsa, amma ciwon da ta tarar yana nan, ya ma ƙara samun wurin zama. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai shekara da shi yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce jifa aka yi masa. Wanda ya san yana da shi kuma, tsadar magani ta sa yana raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe. Na san mai allurar insulin da ke ajiye ta a gindin randa saboda babu wuta.

Don haka ina kira ga hukumomin lafiya na jiha da masu unguwanni da limamanmu. Awon jini minti biyu ne. Me zai hana a riƙa kafa tebur a ƙofar masallatan Juma'a da bakin Kwari da Sabon Gari da Kurmi, duk wanda ya haura 40 a auna shi kyauta, a rubuta masa a kati? Kuma tun yanzu da ake zaune lafiya a rubuta tsari: in wata annobar numfashi ta sake ɓullowa aka rufe gari, a san inda mai suga da mai wankin ƙoda da mai asma da mai sikila za su je, a ba su maganin watanni a hannu, kuma kowace ƙaramar hukuma ta samu asibiti ɗaya mai iskar oksijin da ba zai kori mai tari daga bakin ƙofa ba.

Bayan arba'in ɗin Kawu na sayi na'urar awon jini na kai wa mahaifiyata. Ta ce ita lafiyarta lau, babu inda ke mata ciwo. Da na lallaɓa ta miƙo hannu, na'urar ta nuna 178 bisa 104. Yanzu duk Juma'a bayan an sauko nake zuwa in auna ta, ƙannenta biyu ma sun fara zuwa suna miƙo nasu hannun.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu daga Ƙofar Na'isa, Kano