Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramin Jakadan Najeriya a Jidda: A Shirya Ɗalibanmu Kafin Su Koma Neman Aiki

Mai girma Ƙaramin Jakada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya dafa maka a kan wannan nauyi da ya ɗora maka.

Ranka ya daɗe, maganar ƙannenmu ɗalibai ce ta sa na ɗauki alƙalami, waɗanda ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, da Ummul Ƙura a Makka, da Jami'ar Sarki Abdul'aziz a nan Jidda. Jami'ar Madina tun 1961 aka kafa ta, kuma duk wanda ya san Arewa ya san irin malaman da ta yaye mana. Ta fuskar ilimi ba a cewa komai. Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ke biyo bayan bikin yaye ɗalibai. Iƙamar ɗalibi, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, ta karatu ce, ba ta aiki ba, kuma tun da tsarin Niɗaƙat, mai tilasta wa kamfanoni ware wa 'yan ƙasa kaso na guraben aiki, ya fara a 2011 ƙasar nan take fifita 'ya'yanta wajen ɗaukar ma'aikata, wanda haƙƙinta ne. Saboda haka mafi yawan yaranmu gida za su koma. A can kuwa ɗaukar aiki yana da ƙa'idojinsa da takardunsa da jarrabawarsa, kuma yaron da ya shekara biyar ko shida tsakanin aji da Harami sau da yawa babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya warware masa su.

Babbar damuwata ita ce bautar ƙasa. Dokar da ta kafa hukumar NYSC a 1973 ba ta ware wanda ya yi karatu a waje ba. Wanda ya gama digirin farko bai haura shekara 30 ba sai ya yi hidimar shekara guda. Wanda ya haura, takardar ɗauke masa hidimar zai nema, ita ma kuma ba ta zuwa da kanta. Babu ma'aikatar gwamnati da za ta ɗauki mai digiri ba tare da ɗaya daga cikin biyun ba, manyan kamfanoni ma haka. To a nan ne haziƙanmu suka fi faɗawa rami. Yaro ya fita da sakamako mai kyau, jami'a ta ba shi gurbin digiri na biyu, daga nan ya zarce na uku, ya koma gida da iyali da digirin dakta, sai a wurin tantancewa a tambaye shi takardar bautar ƙasa. Ya ce ai shekarunsa sun wuce, a ce masa shekarun da ake dubawa su ne na ranar da ya gama digirin farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a watan Satumba na 2018 ministar kuɗi, Kemi Adeosun, wadda ita ma a waje ta yi karatu, ta ajiye muƙaminta saboda taƙaddama a kan wannan takarda. Idan minista ba ta tsira ba, ina ga ɗan talaka daga Gumel ko Azare?

Kafin ma a kai ga bautar ƙasar, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardar digirin. A nan ƙananan abubuwa ke cinye wa mutum watanni. Sunan da ke fasfo Usman Abubakar, fassarar takardar digiri ta fito da Uthman Abu Bakr, takardar sakandare kuma ta ɗauko sunan garinsu a matsayin suna na uku, lambar NIN ta zo da nata. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen kwamfutar da ke tace masu neman aiki mutum uku ne ko huɗu. Gyaran nan yana da sauƙi muddin ɗalibi yana nan, yana iya shiga ofishin rajista na jami'arsa da ƙafarsa. Da zarar an buga masa bizar fita ta ƙarshe, sai dai ya yi ta roƙon abokai ta WhatsApp su bi masa. Haka batun darajar digiri: tallan aiki a gida 2:1 yake nema, takardar yaronmu kuwa mumtaz ko jayyid jiddan ta ce, kuma ma'aikacin da ke tacewa ba lallai ya san me ake nufi ba. Ɗalibi na buƙatar cikakkiyar takardar makinsa da fassara sahihiya mai hatimi tun kafin ya haɗa kayansa.

Sai kuma ita kanta hanyar ɗaukar aikin. Yau ta intanet ake cike fom, a zauna jarrabawa a gaban kwamfuta cikin Turanci, da lissafi da tambayoyin gwajin basira, agogo yana tafiya, sannan a kira mutum ganawa gaban kwamiti. Yaronmu da zai tsaya ya warware mas'alar gado mai sarƙaƙiya ba tare da ya duba littafi ba, sai ka gan shi ya daburce saboda rabonsa da rubuta shafi guda da Turanci tun sakandare. Akwai kuma tarbiyyar da muka tashi da ita, wadda nake alfahari da ita: ɗalibin ilimi ba ya yabon kansa, yana sunkuyar da kai gaban na gaba da shi. A ɗakin ganawa kuwa so ake ya ɗago ya faɗi abin da ya iya dalla-dalla. Ana koyon wannan ba tare da an zubar da kunya ba, amma sai an koya wa mutum, kuma sai ya gwada a gaban wanda zai gyara masa.

Abin da ya fi ba ni takaici, ranka ya daɗe, guraben da suka fi dacewa da su suna nan, ba su dai san hanyarsu ba. Dubi bankunan Musulunci na gida: Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, na farko na naira biliyan 100 a 2017, ga kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, suna ƙaruwa. Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa kowane bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa ya kasance yana da kwamitin masana masu duba ayyukansa ta fuskar shari'a. Wa ya fi wanda ya karanta fiƙihun mu'amala a Madina cancanta da wannan fage? Amma banki ba zai ɗauke shi don ya haddace babin ciniki kaɗai ba. Yana so ya ga mutum ya san abin da ke cikin takardar lissafin kamfani, ya san ƙa'idojin hukumar AAOIFI da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, wadda har jarrabawar ƙwarewa take shiryawa ga masu binciken shari'a a bankuna. Ɗalibin da ya ji wannan a shekararsa ta biyu yana da hutun bazara biyu ko uku na shiri. Wanda ya ji bayan ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ya makara, balle ga bankuna da yawa suna ƙayyade shekarun sababbin ma'aikata ƙasa da 30. Mai sha'awar koyarwa ma ya kamata ya san cewa digirin shari'a ko hadisi bai wadatar ba, sai ya haɗa da difilomar koyarwa ta PGDE, ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Roƙona bai wuce ƙarfin ofishinka ba, kuma ba ya buƙatar kasafi mai nauyi. A riƙa shirya zama sau ɗaya a shekara a Madina da Makka, tare da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, a gayyato har da sababbin zuwa da ke cibiyar koyon Larabci, domin tun ran gini ran zane. A fitar da 'yar takarda da Hausa da Turanci mai jera abin da ɗalibi zai kammala kafin ya bar ƙasar nan da abin da zai tarar a Abuja. Masu koyarwa kuwa ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Hedikwatar Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a Jidda take, Najeriya mamba ce tun 2005, ga likitocinmu da injiniyoyinmu da malaman jami'a da ke aiki a ƙasar nan, waɗanda su kansu sun bi ta irin wannan tantancewa. Idan gayyatar ta fito daga hannunka, na tabbata da yawansu za su ba da yammacin Juma'a guda su duba wa yara takardar tarihin karatu da aiki, su yi musu gwajin ganawa. Kada a manta da 'yan'uwanmu mata da ke Ummul Ƙura, a ware musu nasu zaman da mata ƙwararru.

Akwai abu ɗaya kuma da nake ganin an daɗe ana asararsa. Kowace shekara ɗalibanmu suna yi wa alhazai hidima: tafinta a asibiti, neman wanda ya ɓata a Mina, rakiya zuwa ofishin 'yan sanda, daidaita masauki cikin zafi da cunkoso. Wannan gogewa ce ta gaske, irin wadda mai ɗaukar aiki ke tambaya, amma suna komawa gida babu ko layi ɗaya da ke shaida sun yi. Idan ofishinka ya yi magana da Hukumar Alhazai ta Ƙasa aka riƙa ba duk wanda ya yi wannan hidima takardar shaida mai hatimi, an ba shi abin da zai ajiye a gaban kwamiti in an tambaye shi aikin da ya taɓa yi.

Ina fatan zaman farko ya samu kafin ɗaliban bana su karɓi takardunsu su tafi. Mu tsofaffin ɗalibai da ke zaune a Jidda da Madina a shirye muke mu tattara sunaye, mu nemi ɗakin taro, mu yi fassarar takardar kyauta, umarninka kawai muke jira.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi, mazaunin Jidda