Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni ina laifin Hauwa'u

Assalamu alaikum, Hajiya. Ina gaishe ki da girmamawar da ta dace da uwa.

A taron marubuta da masu karatu da muka yi kwanakin baya, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni dalilin da ya sa a labarina ban ɗora wa Hauwa'u laifi ko kaɗan ba, alhali ita ce ta yi wa mahaifiyarta ƙarya ta bi ƙawayenta zuwa liyafar kammala makaranta, inda saurayin da ta amince da shi ya yi mata fyaɗe. Kin ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma kina tsoron 'ya'yanmu su ɗauka cewa yawo ba laifi ba ne. Lokaci bai ba ni damar amsa miki yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuto.

Na san tsoron uwa ne ya sa ki magana, kuma ban ɓoye kuskuren Hauwa'u ba. Ta yi ƙarya, ta fita ba da izini ba, kuma ta yi nadamar hakan a cikin labarin. Abin da na ƙi yi shi ne in haɗa wannan kuskure da abin da aka yi mata a kan ma'auni guda, domin hukuncin yarinya 'yar shekara 16 da ta saɓa wa mahaifiyarta faɗa ne da tsawatarwa a cikin gida, shi kuwa wanda ya kulle ƙofa ya danne ta tana kuka ya aikata laifin da kotu ke hukuntawa. Daddawa ba ta da rai, ɓera kuma ba shi da hankali, amma wannan saurayi yana da hankali, ya ji ta ce a'a, ya zaɓi ya ci gaba.

Ki tuna wurin da Hauwa'u ta dawo gida da daddare, ta wanke hijabinta a bayan ɗaki har sau uku, sannan ta zo bakin ƙofar mahaifiyarta ta kama labule za ta ɗaga. A daidai lokacin ta jiyo uwar tana hira da maƙwabciya a kan wata yarinyar unguwa da irin wannan ya same ta, tana cewa, "To me ya kai ta?" Sai ta saki labulen ta koma ta kwanta. Saboda wannan wurin na rubuta littafin gaba ɗaya. Tambayar "me ya kai ta" ba ta taɓa hana fyaɗe ba, aikinta kawai ta rufe bakin wadda aka zalunta, kuma wannan shirun yana da tsada. Maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki, shaidar da likita zai gani a jiki da tufafi kuma tana tafiya da wanka da wanki. Akwai cibiyar Waraka a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna da aka buɗe domin irin waɗannan yara, amma yarinyar da ta san za a fara tuhumarta tun daga tsakar gida ba za ta kai ƙofarsu ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa ɗaya cikin 'yan mata huɗu a Najeriya ta fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta cika shekara 18, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka samu wani taimako.

Kin kuma ce ai ba ta yi ihu ba. Hajiya, tsoro yana daskarar da mutum har ya kasa motsa harshe, kuma yarda da zuwa liyafa ko karɓar kyautar waya ba yarda da a taɓa jikinta ba ne. Addininmu ya daɗe da bambance wanda ya zaɓa da wanda aka tilasta. Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa babu uƙuba a kan matar da aka yi wa fin ƙarfi, hukuncin yana kan wanda ya yi mata. Dokar ƙasa ma haka ta tafi: sashe na 282 na Final Kod, kundin dokar laifuka na Arewa, bai ɗauki yardar da aka samo ta hanyar tsoratarwa a matsayin yarda ba, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta ce idan wadda abin ya shafa ba ta kai 18 ba, cewa ta yarda ba hujja ba ce.

Game da ƙawaye kuwa, ina tare da ke, sai dai ina roƙon ki duba ɗaya ɓangaren. Mun saba yi wa 'yan mata wa'azi a kan muguwar ƙawa, wadda ke cewa "ke baƙauya ce, kowa yana yi." Da wuya mu waiwayi majalisar samari, inda ake yi wa yaro dariya ana kiransa lusari don bai taɓa kusantar mace ba, har ya ɗauka cewa a'ar budurwa kunya ce kawai da ake bi ta kanta. A labarina abokai biyu ne suka tsaya a bakin ƙofa suka ƙara sautin kiɗa. Ɗayansu ya san abin da ke faruwa ba daidai ba ne, cikinsa ya ɗuri ruwa, amma tsoron gorin abokai ya fi masa nauyi a kan kukan da yake ji. Ina so ɗan shekara 17 da ya karanta wannan shafi ya ga kansa a tsaye a wannan ƙofa.

Akwai abin da ya fi damuna a cikin sana'armu, kuma laifin namu ne mu marubuta. Labarai da yawa da ke yawo a WhatsApp suna farawa da fyaɗe su ƙare da aure, inda mai laifin yake zama kyakkyawan attajiri mai zafin zuciya, yarinyar kuma ta koma son sa bayan 'yan shafuka, a ce an rufa asiri. Yaran da ke karanta wannan a waya cikin dare suna koyon cewa fin ƙarfi ma wata hanya ce ta soyayya. A 2020 gwamnonin Najeriya sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, Jihar Kaduna kuma ta tsananta hukunci har zuwa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa 'yar ƙasa da shekara 14, amma doka tana jiran a kawo ƙara ne, ƙara kuma ba ta fitowa daga gidan da aka riga aka yanke wa yarinya hukunci.

A kashi na biyu da nake rubutawa yanzu, mahaifiyar Hauwa'u za ta gano abin da ya faru, kuma har yau ina fama da kalmar farko da za ta fito daga bakinta. Kin raini 'ya'ya mata, kin fi ni sanin zuciyar uwa a irin wannan dare. Idan kin yarda, zan kawo miki shafukan ki karanta kafin kowa ya gani.

Wassalam, 'yarki marubuciya.