Dariyar da kuka yi wa allurar Japanawa ba ta dace ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Mai gabatarwa ya yi ta ƙyaƙyata dariya, wai mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa mai gudun walƙiya su ne ke yi wa allura jana'iza. Daga nan ya wuce, bai bayyana komai ba. To me muka ƙaru da shi?

Ni tela ce, kuma Musulma. Ban yarda allura tana da rai ba, Allah Ya raba mu da shirka. Amma ai sai a gaya wa mutane abin da ake yi tukuna. Ranar 8 ga Fabrairu a Tokiyo, a wasu yankunan kuma 8 ga Disamba, masu ɗinki kan ajiye aiki, su kwashi alluran da suka karye ko suka lanƙwashe zuwa wurin ibada irin Sensoji da ke unguwar Asakusa, su soke su cikin awara mai laushi. A ganinsu allurar ta gaji da ratsa yadi mai tauri, sai a gode mata ta huta. Tsohon imaninsu shi ne, kayan aikin da ya kai shekara 100 iska kan shiga jikinsa, in an wulaƙanta shi ya yi fushi. Hatta Aibo, karen na'ura na kamfanin Sony, da aka daina gyaransa a 2014, wani wurin ibadar mabiya Buda a jihar Ciba ya riƙa yi wa tsofaffin addu'a kafin a cire sassansu a gyara wasu.

A shagona akwai gwangwanin da nake tara karyayyun allurai, tun da ɗan maƙwabciyata ya taka wata, ƙafarsa ta kumbura ta yi ruwa, sai da aka tsaga. Da ƙyar na saba wa 'yan matan da ke koyon aiki a wurina su daina yar da su a ƙasa. Washegarin shirinku suka shigo suna kirana Bajapaniya, suna tambaya yaushe za mu yi wa gwangwanin sallah. Da yamma na tsinci allurai a ƙarƙashin keken ɗinki. Abin da dariyar ma'aikacinku ta jawo mini ke nan. Ku ja masa kunne, kuma ku sake shirin da wanda ya san al'adar.

Sannan don Allah ku rage ƙarar tallar maganin basir ɗin nan da ke katse shiri, tana firgita jikata daga barci.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Fagge, Kano