Kafin a hana jiragen katako, wa zai ƙera na ƙarfe?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wata harka da mutanenmu na Arewa ke ganin ba tasu ba ce, wato ƙera jiragen ruwa da gyaransu. Ni mai walda ne. A wuraren gyaran jirage na Legas da Fatakwal na ƙarar da ƙuruciyata, sai da ido ya fara gajiya na dawo gida Yawuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kiran da hukumomi ke yi duk lokacin da jirgi ya kife, cewa a bar jiragen katako a koma na ƙarfe ko na faiba, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi. Kiran yana da kyau. Sai dai ban taɓa jin mai kiran ya faɗi wanda zai ƙera su ba, ko inda za a samo ƙarfen, ko wanda zai biya.

Doka kam muna da ita. Tun 2003, zamanin Obasanjo, aka yi dokar sufurin ruwa na cikin gida, wadda mutanen tasha ke kira Kabotaj. Ta ce jirgin da zai yi jigila tsakanin tashoshin Najeriya ya zama a nan aka ƙera shi, ɗan ƙasa ne mai shi, a nan ya yi rajista, kuma 'yan ƙasa ne ma'aikatansa. A cikin dokar kuma aka ba minista ikon ɗage waɗannan sharuɗɗa idan babu jirgin gida da zai iya aikin. Da yake ba a gina masana'antar da za ta cika sharaɗin farko ba, sai neman takardar ɗagewa ya zama shi ne aikin yau da kullum. Dokar ta kuma kafa asusu, ana cire kashi 2 cikin 100 na kuɗin kwangilar jiragen ana tarawa a hannun NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta ƙasa, don a ba 'yan ƙasa rance su mallaki jirage. An haura shekara 20 ana tarawa ba a raba ba, sai a 2025 aka ji minista Adegboyega Oyetola ya ba da umarnin a fara shirin rabawa.

Tsorona a nan yake. In aka miƙa wa mai jirgi dala ba tare da wani sharaɗi ba, Sin zai nufa ya sayo sabo, ko Turai ya sayo na hannu, kuma ba zan ga laifinsa ba. Kuɗin da aka tara a ruwanmu sai su je su biya albashin masu walda na wata ƙasa.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa masu jirage ke gudun mu, don na gani da idona. Ƙa'idar duniya ta ce babban jirgi sai an fitar da shi daga ruwa an duba gindinsa sau biyu a cikin kowace shekara biyar. Ana shigar da shi wani ƙaton rami mai ƙofa, a rufe, a zuƙe ruwan har ya zauna a kan katakan da aka jera masa. Sai ka ga cikinsa duk gansakuka da ƙananan katantanwa sun manne. A feshe shi da yashi mai ƙarfi har ƙarfen ya fito fes, a bi da na'ura ana auna kaurinsa, duk inda tsatsa ta ci a zagaye da alli. Mu kuma mu yanke wurin mu sa sabon falle. To a nan ake yin ta. Fallen ƙarfen ba kowane iri ba ne, sai mai takardar shaida daga kamfanin da ya narka shi, kuma daga waje yake zuwa. Na sha zama a ƙarƙashin jirgin da muka riga muka huda, da ni da yarana muna shan shayi, fallen yana kwance a tasha ana jiran a gama da kwastam. Janareta na ta shan dizal, mai jirgi na kai da kawo a bakin rami da waya a kunne, don kowace rana da jirginsa ya kwana a bushe asarar daloli ce. Irin wannan mutum in lokacin gyara ya sake zagayowa, Tema ta Ghana zai kai jirginsa, ko Dakar ta Senegal, ko ma Walvis Bay ta Namibiya. Ba hannunmu ya raina ba, ranar gamawa ce ba mu iya yi masa alkawarinta.

Gwamnati ta san da wannan giɓi, shi ya sa a 2018 NIMASA ta kawo wani dandamalin gyara mai iyo a kan ruwa, wanda jaridu suka ce ya ci kusan naira biliyan 50. Ya iso Legas, ya shafe shekaru a ɗaure ba ya aiki, ana neman inda za a girke shi. An fara sayen doki kafin a kafa turke.

Masu jawabi suna son ambaton Koriya ta Kudu, amma rabin labarin suke bayarwa. Gaskiya ne a 1972 Chung Ju-yung ya fara gina masana'antar Hyundai a gaɓar Ulsan alhali bai taɓa ƙera babban jirgi ba, kuma a 1974 ya gama tankar mai ta farko. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ya riga ya samu odar tankoki biyu daga wani attajiri ɗan Girka kafin ya gama ginin, kuma a 1973 kamfanin ƙarfe na POSCO ya fara narka ƙarfe a Pohang, nan kusa da shi. Gwamnatin shugaban ƙasar na lokacin, Park Chung-hee, ta ba da rance mai sauƙi, amma ba kyauta ba: sai ka sayar a kasuwar duniya, in ka kasa a juya maka baya. Ita kuwa Amurka tun 1920 take da doka irin tamu ta Kabotaj, kuma tana aiki da ita ba sani ba sabo. Duk da haka yau ko kashi 1 cikin 100 na manyan jiragen kasuwanci na duniya ba ta ƙerawa, jirginta kuma ya ninka na Asiya tsada sau da yawa, yayin da Sin ita kaɗai ke ƙera kusan rabi ko fiye. Katange kasuwa kawai ba ya sa masana'anta ta iya gasa.

Ban ce mu yi takara da Sin wajen tankoki ba, wannan mafarki ne. Amma hannu muna da shi. Sojojin ruwanmu sun ƙera jirgin sintiri NNS Andoni a Legas a 2012, suka biyo da Karaduwa a 2016 da Oji a 2021. Sun iya ne saboda akwai mai saye tabbatacce tun kafin a yanka falle na farko.

Irin wannan mai saye muke da shi a kogin Kwara, ba mu lura ba. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya tarwatse a tsakiyar ruwa kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta Kebbi, kusan mutum 100 ko fiye suka rasu. A watan Yunin 2023 haka ta faru a yankin Patigi da 'yan biki. Duk wanda ya san ruwan Kainji ya san kututturan da ke ɓoye a ƙasa tun da aka tare kogin a 1968, kuma ya san yadda tsohon katako ke yi in ya hau kansu da lodin buhuna da babura da mata da goyo. Matuƙan nan ba son ransu ba ne. Jirgin katako kafinta ke yi musu a bakin ruwa, su biya kaɗan-kaɗan. Na ƙarfe kuwa babu mai sayar musu da shi bashi.

Shawarata ga gwamnonin Kebbi da Neja da Kwara da Kogi ita ce su daina sayen jirage ɗai-ɗai bayan kowace ta'aziyya. Su haɗa kai su zaɓi samfuri guda mai shafaffen gindi wanda zai iya ruwan rani, su ba da odar da za ta ɗauki shekaru, da sharaɗin a gaɓar kogin za a ƙera, a Lakwaja ko Baro ko nan Yawuri. Tashar Baro da aka buɗe a 2019 ga ta nan ba wani aiki take yi sosai ba. In samfuri ɗaya ne, jirgi na goma ya fi na farko sauri da araha, don ma'aikata sun haddace yankan, kuma farfela da injin ɗaya na shiga ɗaya. A ba ƙungiyoyin matuƙa su riƙa biya daga kuɗin fito, NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta riƙa duba lafiyar jiragen. Yaran Panteka da ke Kaduna suna da hannu, amma waldar ƙofa daban, waldar da ran mutum ɗari ke kanta daban. Sai an koya musu an gwada su an ba su shaida. Kafintocin jirgin katako ma a jawo su, don sun fi kowane injiniya sanin halin ruwan nan.

Daga tarayya kuwa abin da nake nema ba shi da yawa. A cire haraji a kan fallen ƙarfe da sandar walda da fentin jirgi, a ware musu hanyar fita daga tasha cikin kwanaki. Kada a ce mu jira masana'antar ƙarfe ta Ajakuta: tun 1979 ake jiranta, kuma ko ta tashi gobe, kashinta na farko rodi da dogayen ƙarafa aka tsara ya fitar, ba fallen jirgi ba. Duk wanda zai ci rancen asusun Kabotaj a rubuta masa cewa a gida zai yi gyara muddin akwai ramin da zai ɗauki jirginsa, shi ma mai ramin a ɗaure shi da tara in ya saɓa ranar gamawa. A kuma ware wani kaso na asusun don jiragen kogi, ko da sai an gyara dokar.

'Yan majalisarmu da mazaɓunsu ke bakin ruwa, daga Yawuri zuwa Borgu zuwa Mokwa, su ne ya kamata su kai wannan gyara gaban majalisa, kuma su nemi ma'aikatar ta buga sunan kowane jirgin da aka ɗage wa sharaɗin ƙira a gida, da dalilin ɗagewar.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon mai walda,
Yawuri, Jihar Kebbi.