Yadda Ake Sa Ukulele Ta Ba Da Tsoro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da matasan da suka sayi ukulele, 'yar garayar nan ta Hawai mai tsirkiya huɗu. Da zarar watan Oktoba ya kama, wayoyi kan cika da bidiyon Turawa suna kaɗa kiɗe-kiɗen ban tsoro na Halowin, bikin da suke yi a daren 31 ga wata, wanda 'yan ci-rani daga Ailan da Sikotlan suka kai Amurka a ƙarni na 19. Bikin nasu ne, ba kuma kiran kowa muke ya yi shi ba. Abin da ya dame mu shi ne sana'ar da ke cikin kiɗan. Yaro zai zauna yana kwaikwayon yatsun da ya gani a waya, kiɗa ya fito masa kamar na rawar yara, ya rasa dalili. Dalilin kuwa a bayyane yake ga wanda ya san kayan.

Ita ukulele an ƙera ta ne don fara'a. A watan Agustan 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke mutanen tsibirin Madeira na Fotugal a Honolulu domin aikin gonakin rake. Kafintoci uku daga cikinsu, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, su ne suka riƙa ƙera ta bisa tsarin ƙananan garayun garinsu, Sarki Kalakaua kuma ya shigar da ita fada. Ana fassara sunan da "ƙuma mai tsalle". Muryarta siririya ce, sautinta ba ya daɗewa yake mutuwa. Wanda ke son ta tsorata mutane dole ya san inda zai bi da ita.

A fara da saiti, don nan yawanci ake faɗuwa. Idan ka rungume ta, tsirkiyar da ke sama kusa da fuskarka ita ce G, sai C, sai E, sai A a ƙasa. A ma'aunin sauti G tana 392, C tana kusan 262, E kusan 330, A kuma 440. Ka lura G ta fi C da E siranta duk da ita ce a sama, kuma da gangan aka yi haka. Mai koyo kan ɗauka kuskure ne, ya sassauta ta har ta yi laƙwas. Kowace manhajar saiti ta kyauta a waya ta isa. A riƙa hawa zuwa sautin daga ƙasa: idan ka zarce, sassauta sosai sannan ka sake ɗaurewa a hankali, domin tsirkiyar da aka sauko da ita kan sake zamewa. Sabuwar tsirkiya ta roba tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu tana miƙewa, saboda haka a sake saiti kafin kowane zama. In kunnen ɗaurin irin na itace ko roba ne mai kusa a bayansa kuma yana warwarewa da kansa, a ƙara wa kusar rubu'in juyi kawai. Kada a kuskura a sa mata tsirkiyar ƙarfe ta jita, za ta ɓalle jakin da ke riƙe tsirkiyoyin ko ta lanƙwasa wuyan.

Abin da ya sa muka dage a kan saiti shi ne, kiɗan ban tsoro ya dogara ga sautuka biyu masu maƙwabtaka, waɗanda gaɓa ɗaya ce tsakaninsu a wuyan ukulele, wato fili ɗaya tsakanin ƙarafan da aka jera a wuyan. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sautuka biyar yake tafiya, masu tazara a tsakani, shi ya sa wannan ƙaramin taku yake yi wa kunne baƙunta. In tsirkiya ta kauce ko da kaɗan, mai saurare ba zai ji tsoro ba, cewa zai yi makaɗin bai iya ba.

Ana rubuta riƙon yatsu, wato kod, da lamba huɗu a jere: G, C, E, A. Sifili na nufin a bar tsirkiyar a sake, sauran lambobin kuma gaɓar da za a danna. Riƙo uku sun isa a fara. Am shi ne 2000, yatsan tsakiya kaɗai a gaɓa ta biyu ta G. Dm shi ne 2210: bar yatsan tsakiya inda yake, ƙara na kusa da ƙarami a gaɓa ta biyu ta C, manuni a gaɓa ta farko ta E. E7 shi ne 1202, kuma shi ne mai wahala, domin duk yatsun sai sun tashi: manuni a G, na tsakiya a C, na kusa da ƙarami a A. A yi Am zuwa E7 sau ashirin ba tare da kaɗawa ba, hannun hagu kawai, kafin a haɗa da dama. Bugu huɗu a Am, huɗu a Dm, huɗu a E7, a koma Am; wannan zagayen shi ne ƙashin bayan kiɗe-kiɗe masu duhu da yawa.

Idan sauti ya fito da zuzu ko ya toshe, abu uku za a duba. Yatsa ya yi nisa da ƙarfen gaɓa, alhali wurinsa dab da bayan ƙarfen ne. Ko farcen hagu ya yi tsawo ya hana kan yatsa tsayawa. Ko kuma cikin wani yatsa ya kwanta a kan tsirkiyar da ya kamata ta kasance a sake. Danna da ƙarfi ba magani ba ne, yana ma ɗaga sautin sama da inda ya dace, musamman a ƙaramar ukulele mai tsawon santimita 53, wadda tsirkiyarta ba ta da tauri. In kuwa an yi komai daidai amma yatsu na ciwo, a auna tazarar tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta 12. Milimita biyu da rabi zuwa uku ya kamata. Masu araha kan zo da fiye da haka, sai a cire farin ƙashin da ke kan jaki a goge ƙasansa da takardar yashi kaɗan-kaɗan, ana mayarwa ana gwadawa.

Yanzu ga inda daɗin yake. Riƙe Am, 2000, ka kaɗa sau ɗaya a hankali. Sauko da yatsa gaɓa ɗaya, 1000. Ɗage shi gaba ɗaya, 0000. Sannan 2020. Sauti ɗaya ne yake gangarowa taki-taki, A, G mai ƙari (wato gaɓa ɗaya sama da G), G, sai F mai ƙari a tsirkiyar E, kamar mutum yana sauka rijiya. Na biyun, 1000, shi ne mai sa tsikar jiki tashi; a tsaya a kansa fiye da sauran. Wannan gangarowar tana fita sarai saboda G ɗin nan siririya da muka ambata.

Sai riƙon 1212. E7 ne aka ƙara masa yatsa ɗaya a gaɓa ta farko ta E, ko da yake yawanci sai an sake jera yatsun huɗu. Abin mamakinsa shi ne yana maimaita kansa bayan kowace gaɓa uku: 1212, 4545, 7878 duk sautuka iri ɗaya ne, tsarinsu kawai ya canza. Ka zame da hannu daga ɗaya zuwa na gaba ba tare da ka saki ba, kana kaɗa da karkarwa, za ka ji abin da ake sakawa a tsofaffin finafinai idan mugu ya leƙo. Karkarwar da manuni ake yi, sama da ƙasa da sauri, motsin daga wuyan hannu. Wanda ya sa gwiwar hannu zai gaji cikin daƙiƙa ashirin, bugun kuma ya rikice. A fara da shara huɗu, wato shafar tsirkiyoyin duka da yatsa sau huɗu, a kowane bugu, ana ƙirga bugu 60 a minti.

Wurin da ake kaɗawa ma yana da tasiri. Inda wuya ya haɗu da jiki ne sauti ya fi kauri da laushi, nan ake kiɗan yau da kullum. Kusa da jaki sautin kan bushe ya yi tsini, kuma da shi ake kwaikwayon ƙarar ƙasusuwa, musamman in an kwantar da gefen tafin hannu a kan tsirkiyoyin. A kuma koyi yin shiru. Bayan 1212 mai ƙarfi, dafe tsirkiyoyin duka da tafi, ƙirga bugu biyu cif, sannan ka tsinci tsirkiya ɗaya a hankali. Masu koyo suna jin kunyar shiru, sai su cike shi da shara, su ɓata abin da suka gina.

Cikin kiɗe-kiɗen da ake yi a wannan lokaci, wanda muke ganin ya fi cancanta a fara da shi shi ne na Edvard Grieg ɗan ƙasar Norwe, wanda ya tsara a 1875 domin wasan kwaikwayon Peer Gynt, inda jarumin ya faɗa zauren sarkin dodanni a cikin dutse. A intanet za a same shi da sunan In the Hall of the Mountain King. Ana iya fitar da kansa gaba ɗaya a tsirkiyar A kaɗai, abin da zai tuna wa mutum kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos: 0, 2, 3, 5, 7, 3, 7, sai 6, 2, 6, sai 5, 1, 5. A sake daga farko har zuwa 7, a haura 12, a dawo 10, 7, 3, 7, 10. Matsalar ita ce tsallen 7 zuwa 3 da komawa. In an yi sauri hannu ba ya isa a kan lokaci. Mafita: sautin gaɓa ta 3 ta A yana nan a gaɓa ta 8 ta E, na 2 yana ta 7, na 1 yana ta 6. Sai ka sa manuni a A, na tsakiya a E gaɓa ɗaya gaba, ka riƙa zamo da wannan siffa baya gaɓa ɗaya-ɗaya. Grieg ya gina kiɗan ne a kan maimaici, yana farawa ƙasa-ƙasa kamar sanɗar ɓarawo, yana ƙara sauri da ƙarfi har ya zama guje-guje. Saboda haka wanda ya fara da sauri ya kashe kiɗan tun a bakin ƙofa. A fara a bugu 60, a ƙara biyar a kowane zagaye, a tsaya inda yatsu suka fara tuntuɓe.

Na biyu shi ne Danse macabre na Bafaranshe Camille Saint-Saëns, na 1874. Yana buɗewa da sautin D sau goma sha biyu, alamar agogo ya buga tsakar dare; a ukulele gaɓa ta biyu ce ta C, da babban yatsa. Daga nan mai goge ya shigo da sautuka biyu masu karo da juna, A da E mai ragi (wato gaɓa ɗaya ƙasa da E), waɗanda sai da aka sassauta tsirkiya ɗaya ta gogen kafin a same su. Kai ba sai ka sassauta komai ba: danna gaɓa ta uku ta C, bar A a sake, ja su tare da babban yatsa da manuni. Tazarar gaɓa shida ce tsakaninsu, wadda tsofaffin malaman kiɗa na Turai suka laƙaba wa sunan shaiɗan cikin kiɗa. Rakiyar kuwa bugu uku-uku ce a kan Gm, 0231, da D7, 2223: babban yatsa ya ja C a bugu na ɗaya, gajeriyar shara biyu su biyo. Kiɗan asali yana ƙarewa ne da carar zakara, komai ya lafa, don haka a gama shi a hankali.

Akwai kuma tattakin jana'izar 'yar tsana na Charles Gounod, na 1872, wanda shirin talbijin na Alfred Hitchcock ya yaɗa. Wannan barkwanci ya fi yawa a cikinsa, kuma ya dace da ukulele domin sautukansa gajeru ne a datse. Dm da A7, wato 0100, sun ɗauki mafi yawansa. Bayan kowace shara a ɗan sassauta yatsun hagu ba tare da ɗagewa ba. Masu ba yara tatsuniya da dare ko masu shirya wasan kwaikwayo a makaranta za su iya aron duk waɗannan dabaru domin shigowar dodo.

Abu na ƙarshe ya shafi masu ukulele a Arewa da Nijar kai tsaye. Ƙarshen Oktoba bakin hunturu ne. Katakon kayan kiɗa yana son laimar iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa takan sauka ƙasa da 20. Katako zai tsuke, bakin ƙarafan gaɓa su fito suna karce yatsa, fuskar ta tsage daga jaki zuwa gindi, wani lokaci jakin ya ɗago. Wadda aka yi da katako zalla, irin su koa na Hawai, ta fi saurin tsagewa. Ta falle-falle da aka manne da gam, duk da arharta, ta fi jure yanayinmu. A ajiye ta cikin jakarta a rufe. A samu robar sabulu mai murfi, a huda ta wuri biyar ko shida, a jiƙa soso a matse shi har ya daina ɗiga, a sa a ciki, a ajiye kusa da kan ukulelen, a riƙa sake jiƙawa duk kwana biyu ko uku. Kada ruwa ya taɓa katakon, kada kuma a bar ta cikin mota da rana. Da damina ta sauka sai a cire soson.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da kiɗan tsirkiya.